Dala 48 da Santi 95

Ranar 28 ga Satumba, 2024, ɗan ƙanwata da ke tuƙin tasi a birnin Niyok ya biya bashin katinsa kaf. Takardar banki ta ce dala 2,999 ake bin sa, ya tura dala 2,999 cif, saura kwana biyu wa'adi ya cika. Ya duba waya ya ga sifili, ya yi hamdala, ya jefa katin a durowa. Ko ruwan sha bai ƙara saye da shi ba. Farkon Oktoba sai ga sabuwar takarda, wai ana bin sa dala 48 da santi 95.

Ya bugo mini waya ransa a ɓace. "Kawu, kai ne ka san lissafi. Ka gaya mini yadda aka yi sifili ya haihu. Ni dai ba zan biya ba, wannan cuta ce tsagwaronta."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, wa'adin sabuwar takardar sai 30 ga wata, akwai lokaci. Ya ɗauko mini hoton takardun katin tun daga farkon shekara, kowane shafi, har na bayan nan masu ƙananan rubutu da ba mai kula su. Na daɗe ina aikin akawu, na san lamba ba ta faɗowa daga sama. Ko dai wani ya yi kuskure, ko wani ya yi ha'inci, ko kuwa akwai ƙa'idar da mai bashin bai sani ba.

Mu nan gida in an ce kati, katin cirar kuɗi muka fi sani: kuɗinka ne a asusunka, in sun ƙare na'ura ta tofo maka katinka. Katin bashi ba haka yake ba. Duk abin da ka saya da shi banki ne ya biya maka, ya rubuta, wata ya zagayo ya aiko da takarda. A Amurka da wuya baƙo ya zauna babu shi, domin masu gidajen haya da dillalan mota sukan duba tarihin bashin mutum kafin su amince da shi, wanda bai taɓa cin bashi ba kuwa ba shi da tarihin da za a duba. Dalilin da ya sa yaron ya karɓi katin a 2021 ke nan, ba don kwaɗayi ba.

Na fara da abin da ya fi sauƙi. Ko wani ya saci lambar katin ya yi sayayya? Takardar Oktoba babu sayayya ko ɗaya. Ko kuɗin shekara ne da wasu katunan ke cira? Nasa ba ya da shi. Ko tarar makara? Bai makara ba, banki da kansa ya rubuta cewa kuɗin sun shiga ran 28. Duk waɗannan ƙofofi a rufe suke. Sai can shafi na uku, a ƙasa, na ga wani ɗan jadawali da ya nuna cewa kuɗin duka na ruwa ne, kuma an raba su layi biyu: dala 28 da santi 37 a kan kashi 24.99 cikin ɗari, dala 20 da santi 58 a kan kashi 29.99.

Na tambaye shi, "Ɗana, nawa ne ruwan katinka?"

Ya ce, "Kashi 19 da wani abu. Amma ni ban taɓa damuwa da shi ba, Kawu, tunda ba na bari ya hau kaina. Sai bana."

Tambaya ɗaya ta zama huɗu. Yaushe ruwan ya fara? Ya aka yi 19 ta koma kusan 25? Daga ina layi na biyu ya fito? Sannan ita kanta 48.95 ɗin.

Na koma baya wata bayan wata. Janairu babu ruwa, Fabrairu babu, Maris babu. Gaskiya ya faɗa: fiye da shekara biyu yana amfani da kuɗin banki bai ba su ko santi ba. Hakan na yiwuwa ne saboda kwanakin sassauci. Watan katinsa yana farawa ran 6, ya rufe ran 5 ga wata mai bi masa, a ba shi zuwa ran 30 ya biya. Doka ta ce dole a sami aƙalla kwana 21 tsakanin aiko takarda da ranar biya. Wanda ya biya dukan abin da takardar ta nuna kafin wa'adi, ba a ɗora masa ruwan sayayya. Ya sha mai ran 6 ga wata, ba zai biya ba sai 30 ga wata na gaba, kusan kwana 55 ke nan na bashi kyauta.

Ruwa ya fara bayyana ne a takardar 5 ga Afrilu, kusan dala 17. Na duba wadda ta gabace ta. An bi shi dala 1,200, ya biya 1,150. Da na tuna masa, nan da nan ya gane watan. Azumi ne, ya rage aikin dare saboda tarawihi, ga shi ya canza tayoyin mota. Abin da ke asusunsa ke nan ya tura, ya ce dala 50 ai ba wani abu ba ne, zai cika wata mai zuwa.

Ya ce, "To Kawu, ko da kashi 25 ɗin ne, ruwan dala 50 a wata guda ai dala ɗaya ne. Ina 17 ta fito?"

Lissafinsa daidai ne a kan hamsin ɗin. Banki yakan ɗauki farashin shekara ya raba wa kwana 365. Kashi 24.99 in an raba, kowace dala dubu tana jawo santi 68 a rana. Dala 50 a kwana 31 ta ba da dala ɗaya da santi 6. Dala 1,150 da ya biya cikin wa'adi kuwa sun tsira, domin dokar katin bashi da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a watan Mayun 2009 ta hana a ɗora ruwa a kan kason da aka riga aka biya cikin kwanakin sassauci. To saura kusan dala 16 fa?

Na bi sayayyar watan da yatsa. Ran 8 ga Maris, tayoyi, dala 800. Daga ran 8 ga Maris zuwa 5 ga Afrilu kwana 29 ne. Na buga: dala 15 da santi 88. Na haɗa da ta farko, ga 17 ta fito.

Nan ne gaɓar da yawancin masu kati ba su sani ba, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo asali. Sassaucin ba a kan kowace sayayya yake ita kaɗai ba, a kan asusun gaba ɗaya yake, kuma sharaɗinsa a biya duka. In ka rage ko dala biyar ce, sassaucin ya faɗi, duk sabon abin da ka saya ruwa zai hau shi tun daga ranar da ka saya. Tayoyin nan ya saye su ne kwana ashirin kafin ya gaza cika kuɗin, a lokacin da yake ganin kansa cikin sassauci, amma gazawar ran 28 ga Maris ta waiwayo ta kama su. Na ce masa, "Ka san mitar tasi. Muddin kana biya duka, mitar a kashe take. Ranar da ka rage wani abu an kunna ta, kuma ba wata take ƙirgawa ba, kwana take ƙirgawa. Ko kana barci tana tafiya." Ya yi shiru, sannan ya ce ai ba wanda ya gaya masa an kunna.

Ba a gaya masa ba kuwa, in ban da abin da ke cikin yarjejeniyar da ya amince da ita tun 2021.

Tambaya ta biyu ba ta ba ni wahala ba. Ya lalubo takardar farko da aka aiko masa tare da katin, ta ce kashi 19.74, amma an rubuta cewa farashin mai canzawa ne. An ɗaure shi da wani tushen farashin ruwa da bankunan Amurka ke bi, wanda ke hawa da sauka tare da matakin Babban Bankin ƙasar, sannan banki ya ɗora nasa kason a kai. A 2021 tushen yana kashi 3.25. Daga Maris 2022 zuwa Yuli 2023 Babban Bankin ya ɗaga farashin ruwa sau goma sha ɗaya don yaƙi da tsadar kaya, tushen ya kai 8.5. Ƙarin 5.25 ke nan. Ɗora 5.25 a kan 19.74, ka sami 24.99 daidai wa daida. Doka ta wajabta wa banki ya ba da sanarwar kwana 45 kafin ya ƙara ruwa, amma ba ta wajabta ba in tushen ne ya motsa. Farashin ya yi ta hawa a shafi na uku tsawon wata goma sha shida, shi kuwa shafin farko kawai yake dubawa, kuma a lokacin ba abin da ya shafe shi tunda yana biya duka.

A nan ya kawo wata magana da ya ji a bakin abokan aikinsa a Bronx, wai a jihar Niyok ba da bashi a kan ruwan da ya wuce kashi 25 laifi ne da ake hukunta mutum a kai. Ya ce to ga 29.99 ƙuru-ƙuru a takarda, ai ya kama su.

Abokan nasa ba su yi ƙarya ba, dokar tana nan. Na ce ya duba adireshin bankin a bayan takardar. Ya duba, ya ce jihar Delaware. Amsar ke nan, kuma labarinta ya girme shi. A 1978 wani banki na Minneapolis mai suna Marquette ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka a kan wani banki na Omaha a jihar Nebraska, wanda ke raba wa mutanen Minnesota katuna a kan ruwan da ya kai kashi 18, alhali dokar Minnesota ta tsaya a 12. Alƙalan duka suka yanke cewa bankin da ke da lasisin tarayya dokar jihar da yake zaune zai bi, ba ta jihar mai cin bashi ba. Ba a daɗe ba Dakota ta Kudu ta cire iyakar ruwa a 1980, Citibank ya kwashe harkar katinsa daga Niyok ya kai Sioux Falls a 1981, Delaware ma ta yi tata dokar a shekarar don jawo bankuna. Tun daga lokacin, direban tasi a Bronx yana iya zama ƙarƙashin dokar jihar da bai taɓa kwana a cikinta ba. A ganina wannan hukunci ya bar talaka a fili, domin ya mai da kariyar da jiharsa ta yi masa ta zama rubutu kawai. Amma doka ce, ba za a ci banki da ita ba.

Saura layi na biyu. Ba ya cikin takardun Afrilu da Mayu da Yuni. A waɗannan watanni bashin sayayya ne ke ta taruwa, gyaran mota, kayan ƙaramar Sallah, har ya kai dala 2,000 ran 5 ga Yuni. Layin ya ɓullo ne a takardar Yuli, da abubuwa biyu a rana ɗaya, 10 ga Yuni: dala 1,000, sai dala 50 a ƙarƙashinta.

Da na ga ranar, gabana ya faɗi, domin na san inda kuɗin suka je. Babbar Sallah ta kama 16 ga Yuni a shekarar, farashin rago ya yi tashin gwauron zabo. Ƙanwata ta gaya mini da bakinta, tana ta sa masa albarka, cewa ya aiko da kuɗin layya da na cefane har da na maganinta. Na ci naman ragon nan.

"Da me ka tura kuɗin Sallah?"

"Da manhajar tura kuɗi, Kawu, kamar kullum."

"Daga wane asusu?"

Ya ɗan yi jim. Ya ce asusunsa ba kuɗi a lokacin, sai ya sa lambar katin bashi. Ya ɗauka kamar sayen mai ne ko tayoyi.

Ba ɗaya ba ne a wurin banki. Bankuna da yawa suna ɗaukar tura kuɗi da katin bashi tamkar ka je na'ura ka ciro tsabar kuɗi, bashin tsaba kuwa hukuncinsa daban. Nan take ake cire la'ada, a katinsa kashi 5 cikin ɗari, ita ce dala 50 ɗin nan. Farashin ruwansa ya fi na sayayya, shi ne 29.99, wato santi 82 a rana kan kowace dala dubu. Kuma ba shi da kwanakin sassauci sam: ko mutumin da bai taɓa rage santi ba, in ya ciri tsaba ruwa zai hau ta tun daga ranar. Duk wannan ban da abin da ita manhajar ta caje shi na aikawa.

Daga ranar ya daina taɓa katin, ya ƙudura zai kashe bashin. Nan ne kuma ya fi jin ciwo, domin a cewarsa wata uku yana biya bai taɓa fashi ba, bashin ya ƙi motsi. Na jera lambobin. Ran 30 ga Yuni ya biya dala 60, ran 30 ga Yuli 94, ran 30 ga Agusta 100. Jimla 254. Bashin da ya fara a 3,050 ya tsaya a 2,999. Dala 51 kacal ta ragu. Sauran 203 ruwa ya sha: 64, 70, 69.

Na tambaye shi wa ya zaɓar masa waɗannan lambobi, 60 da 94 da 100. Ya ce ai su ne ke rubuce a saman takardar, kuma su manhajar banki ke fara nuna masa in ya zo biya. Mafi ƙarancin biya ke nan. A katinsa, kamar katuna da yawa, ana haɗa ruwan watan ne da kashi ɗaya cikin ɗari na bashin. Wato an auna shi ne yadda zai biya ruwan da ya riga ya taru, ya ɗan lakaci uwar kuɗi. Wanda ya biya shi bai saɓa alkawari ba, ba za a ci shi tara ba, sunansa ba zai ɓaci ba. Iyakar amfaninsa ke nan. Ba a yi shi don ya fitar da kowa daga bashi ba.

Akwai kuma wani abu da sai da na ware layukan biyu na gan shi. Bashin sayayya ya sauka daga 2,000 zuwa 1,870. Bashin tsaba kuwa ya hau daga 1,050 zuwa 1,129. Yana biya, kuɗin ragon suna ƙaruwa. Dalili kuwa, dokar 2009 ta ce duk abin da mutum ya biya sama da mafi ƙaranci dole a fara zuba shi a kan bashin da ya fi tsadar ruwa, amma shi mafi ƙarancin kansa ta bar wa banki ya sa shi inda ya ga dama. Nasa bankin ya sa shi a kan mai arha. Tunda yaron bai taɓa ƙara ko dala ɗaya a kan mafi ƙaranci ba, ko sau ɗaya kuɗinsa bai taɓa bashi mai tsadar ba. Da ya ƙara dala hamsin kowane wata, da hamsin ɗin kai tsaye can za ta tafi.

Na ce ya duba wani ɗan akwati a shafin farko, wanda doka ta tilasta wa bankuna bugawa tun Fabrairun 2010. Ya karanto mini da kansa. In ya ci gaba da biyan mafi ƙaranci kawai, zai haura shekara goma bai gama ba. In kuwa ya tsaya a kan dala 120 da ɗoriya kowane wata, shekara uku ya gama. Ya yi mamakin yadda ɗan bambanci tsakanin 100 da 120 zai jawo wannan rata. Sirrin shi ne mafi ƙaranci yana raguwa ne tare da bashin: bashi ya ɗan sauka, abin da ake nema a hannunka ya ɗan sauka, sai tafiyar ta ƙara jan ƙafa. Mai tsayawa a kan lamba ɗaya kuwa, kowane wata kason da ke cin uwar kuɗi ƙaruwa yake yi. Akwatin yana gabansa kowane wata tun ranar da ya karɓi katin.

Yanzu na koma kan 48.95, da duk makullan a hannu.

Takardar 5 ga Satumba ta ce 2,999. Wannan lamba gaskiya ce a ranar 5 ga Satumba, ba a ranar 28 ba. Tunda ba shi da sassauci, ran 6 bashin ya ɗara haka, ran 7 ya ƙara. Dala 1,870 a kan farashin sayayya tana jawo dala ɗaya da santi 28 a rana. Dala 1,129 a kan farashin tsaba tana jawo kusan santi 93. Haɗe, kusan dala biyu da santi 21 kullum. Daga 6 zuwa 27 ga Satumba kwana 22 ne. Na buga, ya ba ni dala 48 da santi 57.

Ya kusa, amma bai cika ba. Saura santi 38. Akawu ba ya rufe littafi da giɓi komai ƙanƙantarsa, sai na sake komawa ƙananan rubutun nan na bayan takarda. A can aka bayyana cewa ruwan kowace rana ana ƙara shi a kan bashin, washegari a lissafa ruwa a kan jimlar. Ruwa kan ruwa, kullum. Na sake bugawa rana bayan rana a haka: layin farko 28.37, na biyu 20.58. Dala 48 da santi 95.

Sifilin da ya gani a waya ba ƙarya ba ne, sai dai bai cika ba. Manhajar ta nuna masa abin da aka riga aka rubuta, ruwan kwana 22 kuwa ba a rubuta shi sai ranar rufe wata, 5 ga Oktoba. Sifili bai haihu ba. Bashin ne ya bar baya kafin a kashe shi.

Na ɗauka an gama, sai wata tambaya ta zo mini. Ina ya sami dala dubu uku a dunƙule? Ya ce adashi ya kwasa, wanda suke zubi da wasu 'yan'uwa direbobi. Yaushe? Ran 10 ga Satumba.

"To me ya hana ka biya ran 10?"

"Ai wa'adi bai yi ba, Kawu. Kullum a ƙarshen wata nake biya."

Wannan amsa ta fi duk lambobin taɓa ni. Ɗabi'ar kirki ce da ya koya a lokacin da yake cikin sassauci, lokacin da jira ba ya cin komai, har ma dabara ce. Bai san cewa ƙa'idar ta juye tun watan azumi ba. Kuɗin suna kwance a asusunsa kwana 18, kowace rana tana ci masa fiye da dala biyu. Kusan dala 40 daga cikin 48.95 ɗin kuɗin jira ne kawai. Ga mai biya duka, ranar wa'adi ita ce ranar biya. Ga wanda bashi ya kwana a kansa, ranar biya ita ce ranar da kuɗi suka shigo hannunsa, ko sau uku ne a wata, domin a kan abin da ya rage kowace rana ake lissafi.

Na gaya masa hukuncina ba tare da kwana-kwana ba: banki bai sace masa ko santi ba, ya biya, kuma kada ya jira 30 ga wata. Da ya cije a kan ba zai biya ba, da an fara da tarar makara, wadda a lokacin kan kai dala 30. In ya wuce kwana 30 banki zai iya kai sunansa ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, Equifax da Experian da TransUnion, tabon kuwa yakan zauna shekara bakwai. Tarihin da ya karɓi katin dominsa, shi zai rusa a kan kuɗin da bai kai na man kwana biyu ba. Na kuma ce kafin ya biya ya kira su ya tambayi adadin da zai rufe bashin a ranar, ba wanda ke takarda ba, sannan ya bar katin ya huta har ya ga takarda ta zo babu ruwa, domin wasu bankunan sai an biya duka wata biyu a jere suke mayar da sassauci. Haka ya yi. Takardar Disamba ta zo fes.

Cewa banki bai yi sata ba, ba wanke shi na yi ba. Komai a rubuce yake, gaskiya ne. Amma lambar da ta fi cutar da mai bashi ita aka sa a sama inda ido zai fara sauka, wadda za ta farkar da shi kuma aka kai ta shafi na uku. Mai tsara takarda ya san inda ido ke zuwa. Kuma ba yaron nan kaɗai ba ne: reshen Niyok na Babban Bankin Amurka ya ba da rahoton cewa a 2023 bashin katuna a ƙasar ya haura dala tiriliyan ɗaya karon farko.

Akwai abin da ya fi kuɗin damunsa, bai faɗa ba sai daga ƙarshe. Ya ce, "Kawu, ashe da riba na yi wa Inna layya." Ni ba malami ba ne, na ce ya kai wa malamai tambayarsa. Abin da na sani shi ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da ke da sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya yi niyyar biya cikin kwanakin sassauci. Wasu malamai kuma sun sassauta wa mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya babu katin, da sharaɗin su riƙa biya duka a kan lokaci. Ko wane ɓangare mutum ya bi, labarin nan ya nuna abin da na farkon suka hango: fiye da shekara biyu yana riƙe da niyyarsa, giɓin dala 50 a watan azumi ya warware ta.

Maganata ta ƙarshe ga mu ne da ke gida. Muna da 'ya'ya da ƙanne a Amurka da Ingila da Kanada, Sallah ta matso mu ɗaga waya, su kuwa kunya ba za ta bar su su ce babu ba. Ƙanwata ba ta san ragon Sallar 2024 ya zo da la'adar dala 50 da ruwan kusan kashi 30 ba, da ta sani da ta haƙura da akuya. In za ku nemi ɗanku ya aiko, ku tambaye shi ko yana da shi a hannu, ku kuma gaya masa da bakinku cewa in da katin bashi zai tura, kun yafe.